Tiyon Ruwa

Motar ta matarsa ce. Ita ta zaɓe ta, ita ta ɗinka wa kujerun riga, kuma har ta rasu ba ta yarda an ci ko biskit a ciki ba. Da ta tafi, ta bar masa abu biyu da zai yi fama da su: motar da babban ɗansu. Motar ce mai sauƙin sha'ani.

Mai Famfo ake ce masa, ko da yake an daɗe rabonsa da kwanciya ƙarƙashin famfon gidan wani. Gwiwa ta ƙi, ido ya ragu, abokai sun ƙare ɗaya bayan ɗaya kamar haƙora. Abin da ya rage masa a mako shi ne ranar da zai wanke motar, ya hau doguwar hanyar nan mai hawa da ke bayan gari, ya je kabarin matar ya ba ta labarin wanda ya ɓata masa rai. Motar haya ba ta zuwa can. Matattu ba sa biyan kuɗin mota.

Hawan nan ne ke wahalar da injin. Kafin a kai rabi baƙin mai ya yi zafi ya tsinke, jar fitilar mai da ke gaban direba ta fara ƙyafta ido. Rannan motar ta tsaya cak, sai da ɗan ya baro wurin aiki ya zo ya ja ta da igiya. Injiniya ne a wata masana'anta, mutum mai magana a hankali kamar likitan da ya riga ya ga hoton ƙirjinka.

"Baba," in ji shi, yana naɗe igiyar, "in ta ƙara tsayawa a hanya zan karɓi makullin. Ba faɗa ba ne. Ka yarda?"

"In ta ƙara tsayawa, ni da kaina zan miƙa maka, Injiniya."

Yakan kira shi Injiniya ne da irin muryar da ake kiran gurgu sarkin gudu.

Tsohon ya kwana biyu yana nazari, ya gano cewa matsalar ba ta wuce aikinsa ba. Abu ne mai gudu a cikin bututu ya yi zafi. To me ya yi duk tsawon rayuwarsa? Ya tafi kasuwar tsofaffin kayan mota ya samo ɗan ƙaramin lagireto, bai fi littafi girma ba, da wani faranti mai baki biyu da ake ɗaurawa tsakanin filta da inji. Mai zai fita ta baki ɗaya, ya zagaya cikin lagireton da ke gaba yana shan iska, ya komo ta ɗayan a huce. Mai shagon ya miƙo masa wani baƙin tiyo mai kauri, ya ce shi ake sawa.

Mai Famfo ya lanƙwasa shi, ya taɓe baki, ya mayar.

"Ɗana, ni za ka koya wa tiyo? Ina ɗaura tiyo tun uwarka tana wasan ƙasa."

Yana da nasa a gida, naɗi guda, ragowar zamanin aiki, mai kyau, irin wanda yake sa wa tankunan ruwan zafi. Tiyon da ya jure tafasasshen ruwa shekara da shekaru, mai ne zai ba shi tsoro?

Ya yi aikin a tsakar gida, a kan tsohon kwali, da tabarau a ƙarshen hanci. Kuma a faɗi gaskiya, aiki ya yi kyau. Ya huda ƙarfe biyu ya kafe lagireton a bayan ragar gaba. Ya bi da tiyon nesa da fanka, nesa da salansa, kowace kwana a lanƙwashe ba a karye ba. Ya ɗaure kowane baki da zobe biyu. Ya tuna ya ƙara mai don cike sabuwar hanyar, abin da rabin makanikan gari za su manta. Da ya tayar, ya shimfiɗa farar takarda a ƙasa ya jira. Ko ɗigo.

Ɗan ya zo da yamma, ya tarar da bonet a buɗe da uban a tsaye gefe, yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti.

"Zo ka ga abin da ba a koyarwa a jami'a."

Injiniya ya sunkuya. Ya bi aikin da ido daga farko har ƙarshe. Ya kama tiyon da yatsu biyu ya matsa, ya juya shi ya karanta ɗan rubutun da ke jikinsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe, ya kakkaɓe hannu.

"Ɗaurin ya yi kyau, Baba."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Ban taɓa ganin ɗauri mai tsabta haka ba."

Mai Famfo ya ji daɗi har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Tun da yaron ya yi wayo bai taɓa yaba masa komai ba. Ya so ya ce ya zauna su sha shayi, amma bakin bai saba ba, sai ya ce masa ya matsa, yana tare haske.

Makonnin farko, motar ta haye tudun nan kamar budurwa. Fitilar ba ta ko motsa ba. Ya gaya wa matar a kabari, har da kwaikwayon muryar ɗan. Ya gaya wa mai aski. Ya gaya wa maƙwabcin da bai tambaya ba.

Ranar da abin ya faru, rana ta take, ya kusa ƙarshen hawan. Ya ji wani ɗan fus a gaba, kamar an buɗe kwalbar lemo. Jar fitila ta kama, wannan karon ba ƙyaftawa. Da ya kashe nan take, da wataƙila an tsira da wani abu. Amma yana hango katangar maƙabartar, kuma in ya tsaya a nan, ya tsaya a hanya. Ya taka totur. Injin ya yi ƙara kamar ana zuba cokula a tukunya, ya yi tari, ya yi shiru.

Ya fito ya duba baya. Baƙin layi ya biyo shi a kwalta tun daga kwana. Ya ɗaga bonet. Zobban duk suna nan daram, ba wanda ya motsa. Tiyon ne ya kumbura ya yi laɓo-laɓo kamar hanjin kaza, ya tsage a tsakiya.

Ya zauna a kan dutse ya daɗe kafin ya buga waya.

Ɗan ya iso a motarsa ba gaggawa. Ko bonet ɗin bai leƙa ba.

"Injin ya buga," in ji shi. "Tiyon ruwa ne, Baba. Mai yana cin robar daga ciki. A jikinsa ma an rubuta."

Tsohon ya ɗago kai a hankali.

"Ka gani ranar?"

"Na gani."

"Ka gani, ka yi shiru."

"Ɗaurin ka nuna min. Ɗaurin ya yi kyau."

"Don ubanka, motar uwarka ce."

"Na sani. Ni nake jan ta."

Mai Famfo ya buɗe baki zai zage shi da kyau, sai ɗan ya miƙo hannun dama, tafin a sama. A tsakiyar tafin akwai wani farin tabo mai sheƙi, faɗin bututu. Ya samo shi ne yana ɗan makaranta, wani hutu da ya bi uban aiki, ya kai hannu zai kama bututun da aka gama gasawa da wuta. Uban yana tsaye yana kallo, sifana a hannu, bai ce uffan ba. Haka yake koyar da kowa, kuma yana alfahari da hakan. Da uwar ta yi kuka tana shafa magani, ce mata ya yi ta bar shi, hannu ne ke koyo, kunne ba ya koyon komai.

"Da na faɗa maka, ba za ka ji ba," in ji ɗan. "Kai ka koya min."

Babu zafi a muryar. Da akwai, da an sami abin kamawa.

Tsohon ya laluba aljihu. Makullin yana ɗaure da wani ɗan zaren ulu da matar ta kitsa don kada ya ɓace mata a jaka. Ya tsaya yana ƙoƙarin kwance zaren da farce, mai ya sa yatsun suna santsi.

"Bar shi haka," in ji ɗan. "'Yan gwangwan da za su saye ta ba ruwansu da zare."

Tsohon ya ɗora makullin a kan tabon. Hannun ya rufe.

"To wa zai riƙa kawo ni wurinta?"

"Ka riƙa tambaya. In na sami sarari."

Mai Famfo ya dubi katangar. Ga ta nan, ana ganin ƙofar, har da bishiyar da yake ajiye mota a inuwarta. Ya gwada tudun da ido, ya gwada gwiwarsa, ya san amsar.

"Tunda mun zo nan, ƙarasa da ni. Ba zan daɗe ba."

Ɗan ya duba agogo.

"Ana jirana a wurin aiki, Baba. Shiga. Ka shimfiɗa wannan jaridar kafin ka zauna, wandonka duk mai ne."

Ya shimfiɗa jaridar ya zauna. Ɗan ya juya kan motarsa, suka bi baƙin layin suka gangara.