Ɗigo na Goma Sha Ɗaya

Shekara ashirin da biyu Kafinta yana yin kujeru, kuma a duk tsawon lokacin babu wanda ya taɓa zama a kan kujera ya tambayi sunan wanda ya yi ta. Wannan abu yana ci masa rai. Don haka ranar da Dogon Yatsa, makaɗin jitar da ake sa shi a rediyo, ya shigo shagonsa da tsohuwar jita mai tsagaggen wuya, Kafinta ya ga dama ta samu.

"Yi mini irinta sak," in ji makaɗin. "Ina da wasa a babban zaure nan da wata biyu. In ta yi kyau, a gaban jama'a zan faɗi sunanka."

Kafinta ya ture odar teburan makaranta gefe. Ya auna tsohon wuyan sau uku, ya dasa siraran ƙarafan da ke raba shi gida-gida, kowanne a mazauninsa. Saura fararen ɗigon da makaɗi ke kallo don ya san inda yatsansa ya kai. Maɓallan wata tsohuwar rigarsa ya ciro, ya goge su da samfefa har suka yi sumul.

Yana cikin haka mijin yayarsa ya leƙo. Dakta ne, malamin lissafi a jami'a, mutumin da bai taɓa riƙe guduma ba amma bai taɓa ganin aikin da ba zai iya gyarawa da baki ba.

"Ƙanena, karanto mini inda ɗigon suke."

"Gida na uku, na biyar, na bakwai, na tara, sai sha biyu."

Dakta ya cire tabarau. "Uku, biyar, bakwai, tara... me ke biye?"

"A jikin tsohuwar dai sha biyu ne, Yaya Dakta."

"Ban tambaye ka tsohuwa ba. In ɗalibina ya rubuta mini sha biyu a nan, sai ya maimaita shekara. Wani ma'aikacin kamfani ne ya yi gyangyaɗi, duniya ta bi shi. Kai ma za ka bi?"

Kafinta ya dubi tsohuwar jita, ya dubi mutumin da ke da digiri uku. Jita ba ta da ko ɗaya. Ya huda gida na goma sha ɗaya, ya sa gam, ya danna maɓalli.

Ranar wasa ya sa rigarsa mafi kyau, ya zauna a layi na biyu kusa da Dakta. Dogon Yatsa ya karɓi jitar da safen nan ne kawai, ya ɗan taɓa ta sama-sama ya ce muryarta ta yi. Waƙar farko ta tafi lafiya. A ta biyu yatsansa ya gangara wuyan, ya sauka daidai kan ɗigon ƙarshe, jita ta yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ya sake gwadawa, kyanwar ta sake amsawa.

Makaɗin ya dubi wuyan jitar na ɗan lokaci. Sannan ya rufe idanunsa ruf, ya bar wa yatsunsa aikin da suka shekara talatin suna yi. Bai sake buɗe su ba har aka tashi. Zauren ya yi tsit, wata mata a baya ta fashe da kuka, aka yi tafi a tsaye. Ba a ambaci sunan kowa ba.

"Ka gani?" Dakta ya ce a hanyar fita. "Lissafi ba ya ƙarya."

Bayan kwana uku Dogon Yatsa ya zo shago da jarida a hammata. Kafinta ya riga ya tanadi sabon maɓalli da haƙurin da zai bayar.

"Maigida, surukina Dakta ne ya ce in sa ɗigon a sha ɗaya. Minti goma ne, in mayar da shi sha biyu."

"Taɓa shi ka gani." Ya shimfiɗa jaridar a kan benci. Ga hotonsa ido rufe, an rubuta cewa kiɗa ya ratsa shi har ya daina buƙatar duniya. "Shekara talatin ina kaɗawa ido buɗe, ba wanda ya ce ina da zurfi. In ka gyara, zan fara leƙe, in na fara leƙe na koma makaɗin da."

"To, maganar sunana fa?"

"Haba, Kafinta. In na faɗi sunanka, 'yan jarida za su zo. In sun zo, surukin nan naka zai yi musu bayani."

Kafinta bai musa ba, don ya san Dakta zai yi.

Da makaɗin ya fita, ya jefa maɓallin cikin gwangwanin ƙusoshi, ya jawo katakon teburan makaranta. Guda arba'in ne, kuma ko a ina ya sa ƙusa, ba mai tambaya.