Kumatun Baba

Auta tana cusa bargon Baba cikin jaka, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, baki har kunne.

"Yaya, yau fa za a sallame mu! Tari ya tafi, zazzaɓi ya sauka, har robar iskar nan an cire. Ka taho da mota kawai!"

Baba, tsohon tela, yana bakin gado yana kokawa da takalminsa. Murar nan mai kama huhu ce ta kwantar da shi, ita da ta kwantar da rabin unguwa, har asibiti ya ware wa masu ita ɗaki guda. Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ta ajiye aikinta ta zo jinya. Tana da kirki, ba a musu, amma idan murna ta kama ta, bakinta ba shi da birki.

Likita ta shigo da takunkumi a fuska, ta saurari ƙirjinsa, ta gyaɗa kai. "Huhu ya washe, Baba."

"Ai ba huhu kaɗai ba, Likita!" in ji Auta. "Dubi kumatunsa! Mutumin da ya zo kamar tsinke, ga shi har ya yi ƙiba, takalmi ma ya ƙi shiga. Kuma tun jiya da safe bai tashe ni na kai shi banɗaki ba. Na huta, wallahi!"

"Ke Auta, ba ki da kunya ne?" Baba ya harare ta.

Likita ta tsaya cak. Ta durƙusa ta danna ƙaurinsa da babban yatsa. Da ta ɗaga, sai ga rami, ya ƙi cikowa.

"Akwai maganin da yake sha ban da namu?"

"Na ciwon jiki ne kawai, Yaya ya sayo a kemis. Yana jin daɗinsa, shi ya sa nake ƙara masa."

"Wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne ya taru," in ji Likita. "Cutar nan takan sauka kan ƙoda a ɓoye, ba tari ba zafi. Maganin nan kuma ƙara wa ƙodar nauyi yake yi."

Auta ta dafe kai. Ita da hannunta ta riƙa ba shi!

Nan take aka ɗebi jini aka kai gwaji. Kafin rana ta raba, Likita ta dawo da sauri har rigarta tana tashi.

"Ƙodar ta fara gajiya, amma mun kama ta da wuri! Da kun tafi gida, da wani labarin ake yi. An dakatar da wancan magani, za a yi masa allura. Idan fitsari ya zo kafin yamma, mun tsira. Idan bai zo ba, sai injin wankin ƙoda."

Auta ta zazzage jakar, ta zauna ta zuba wa Baba ido. Ya motsa, ta miƙe. Ya yi gyaran murya, ta miƙe.

"Baba, ko kaɗan?"

"Ki ƙyale ni, don Allah!"

Rana ta yi sanyi, ita kuwa tsoro ya gama cika ta. Can sai Baba ya kawar da kai, ya ce ƙasa-ƙasa, "Miƙo mini robar fitsarin nan, ki ja labule, ki ba ni wuri."

Ta tsaya bayan labulen ta kasa kunne. Shiru. Sai ta ji ƙarar, siririya da farko, sannan ta kankama.

Ai ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta kwasa a guje.

"Likita! Nas! Baba ya yi fitsari! Ya kusa cika robar!"

Ɗakin ya kaure da tafi, masu tari suna tafi suna tari. Tsohon da ke gadon kusa har ya ɗaga murya, "Barka, tela, barka!"

Baba ya ja mayafi ya rufe kansa ruf, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

"Da wannan tonon silili," ya ce daga ciki, "ai gara injin."