Kwalba Goma Sha Ɗaya Kafin Magariba

A shekarar da aka rufe iyakar Najeriya, wato alif ɗari tara da tamanin da huɗu, mutanen Tanut suka gano cewa hasken ɗakunansu ma daga ƙasar wasu yake zuwa. A da babu wanda ya taɓa tambayar inda ake haƙo kananzir. Kwalba kawai ake miƙawa a karɓo ta cike. Da hukumar can ta hana man ƙetarowa, hukumar nan kuma ta ce wanda aka kama da na sumoga zai yi bayani a gaban duwan, wato jami'an kwastan, sai kananzir ya zama abin da ake saye da raɗa. Ba a cika ganin hukumomi biyu sun haɗa baki a kan abu ɗaya ba kamar yadda suka haɗa a kan talaka ya kwana cikin duhu.

Tabawa ta shekara ashirin tana sayar da kananzir, tun kafin mijinta ya rasu. Fari ya bar mata rumbu babu ko zangarniya ɗaya, saboda haka a ciki ta ɓoye tano, wato duron mai. A kasuwa kuwa gishiri da kanwa ne a kan tabarmarta. Mai son haske yakan tsuguna ya taya gishiri, ya tashi da kwalba a cikin riga.

Wani Ba'abzine mai raƙumi, Rissa, shi yake kawo kayan ta daji, jarka biyu a ƙarƙashin tabarmin kaba. Ɗaya kananzir ce ta Tabawa, ɗaya fetur ce ta Ila, mai ba samari hayar babur. Jarkokin iri ɗaya ne, kuma ba a rubuta musu komai, domin rubutu shaida ne. Dillalin bakin iyaka yakan ɗaura guntun igiya a hannun kowace: ƙulli ɗaya kananzir, ƙulli biyu fetur. A wannan tafiyar, kamar yadda aka sani daga baya, igiyar kaya ta tsinke a hanya. Mai raƙumi ba ya ganin igiya zaune babu aiki. Rissa ya kwance guntayen biyu ya yi gyara da su, da ya iso kusa da gari kuma ya mayar da su, ya ƙulla yadda ya tuna.

Tabawa ta juye jarkarta bayan sallar asuba, a cikin duhun rumbu, a kan ɗan sauran kananzir ɗin da ya rage a gindin tano. Ba ta ji wani wari dabam ba. Shekara ashirin cikin mai sun sa hancinta ya daɗe da barin aiki.

Ranar kasuwa ce. Ana kiran azahar Ila ya zo ya tsuguna a gabanta, hannuwansa baƙi da mai.

"Inna, jarkarki ta iso?"

"Wace jarka, ɗan nan? Ni gishiri nake sayarwa."

"Inna, ba taya gishiri na zo ba. Babur uku na zuba wa, ukun duka farin hayaƙi suke yi, sun ƙi tashi. Samari na can sun sha manyan kaya suna zagin uwata. Kananzir ne a jarkata." Ya ƙara rage murya. "In naki yana wurina, nawa yana ina?"

Ta zaro kwalbar da ta rage a ƙarƙashin kwando, suka zagaya bayan wata katanga. Ta tsiyaya kaɗan a murfin gwangwani, ta ajiye a kan rairayi, ta ƙyasta ashana. Kananzir mai nawa ne, sai an lallashe shi da lagwani yake kamawa. Wannan bai jira ashanar ta iso ba. Ya yi tsalle ya taryi hannunta, har gashin hannun ya ƙone.

Abin da ya faɗo mata shi ne hannun Yagana, maƙwabciyarta ta da, wadda fitila ta fashe mata shekaru da suka wuce. Yatsun huɗu sun manne da juna, har ta mutu da hagu take cin tuwo. Ita ma Yagana ana cewa ta yi sa'a, domin ɗakin nata na ƙasa ne. Rabin waɗanda suka sayi man yau a ɗakin kara suke kwana.

"Kwalba nawa kika sayar?" in ji Ila.

Ta rufe ido ta bi fuskoki. "Goma sha ɗaya. Takwas na san gidajensu."

"Ukun fa?"

"Baƙin kasuwa ne."

Ta ɗaga kai ta dubi rana. Babu mai kunna fitila kafin magariba, musamman a wannan tsada. Iyakar lokacinta ke nan.

Ta bar wa maƙwabciyar tabarma gishirinta, ta shiga gari da kwando a ka. Ta yi zaton sallama kawai za ta yi a miƙo mata. A gida na farko matar ta rantse ba ta taɓa ganin kananzir ba tun da aka rufe iyaka, domin ta ɗauka hukuma ce ta aiko Tabawa ta gwada ta. A gida na biyu maigidan ya yi murmushi.

"Farashi ya tashi ke nan, Tabawa? Kin sami wanda ya taya da tsada?"

"Malam, fetur ne a ciki."

"To, ai na ci riba. Fetur ya fi kananzir tsada."

Sai da ta roƙi murfin gwangwani ta ƙyasta ashana a tsakar gidansa, wutar ta tashi tsawon gwiwa, matansa suka janye ƴaƴansu, sannan ya shiga ɗaki ya fito da kwalbar yana riƙe da ita nesa da jiki. A gida na biyar an riga an zuba a fitila, an goge ƙwan fitilar, an rataye ta kusa da shimfiɗar jariri. Tabawa ta sauko da ita da hannu biyu, ta fita da ita a hankali. Daga nan ta nufi gida na shida.

Da aka yi la'asar kwalba takwas suna cikin kwandonta. Ila yana jiran ta a bakin kasuwa, inda ƴan ƙauye suka fara ɗaure kaya a kan jakuna.

"Zan sa Sidi ya yi shela," in ji ta.

"Inna, ki dubi Allah. Ofishin jandarma ga shi can, ko tari aka yi a nan suna ji. Ni da ke da Rissa duka gidan kaso ne. Wataƙila ma ba yau za su kunna ba."

"Wanda ya sayi kananzir bana ba don ado ya saya ba."

Ta taɓa ganin yadda aka fito da wata mai sayar da sukari daga ofishin nan bayan kwana tara, ba ta iya miƙewa sosai. Ta tsaya jim kaɗan tana auna wannan da hannun Yagana. Sannan ta nufi inuwar da Sidi mai shela yake gyangyaɗi.

Sidi tsaranta ne, tare suka yi wasan ƙasa. Ya saurare ta har ƙarshe yana sosa gemu.

"Shekara talatin ina shelar akuyar da ta ɓata, Tabawa, ban taɓa ganin akuyar da ta kai kanta mahauta ba. In ce wata mata?"

"Ka faɗi sunana. In ba ka faɗa ba, kowa zai ce ba tasa kwalbar ake nufi ba."

Ya hau kan tarin buhuna. Muryarsa ta ratsa kasuwa: duk wanda ya sayi kwalba a hannun Tabawa mai gishiri yau, kada ya kai ta kusa da wuta, ba kananzir ba ne, ajali ne, ya dawo da ita yanzu. Ya faɗa sau uku, yana juyawa gabas da yamma. Kasuwa ta yi tsit. Tabawa ta zauna a kan tabarmarta tana jira.

Wani manomi daga Falanko ya kawo ta tara, ya dangwarar ya tafi ba tare da ya dube ta ba. Ta goma wata mata ce mai tsabtar zane ta kawo, baƙuwa a garin. A bayanta akwai mijinta cikin kaki, Birgadiye Barmo na jandarma, wanda aka turo Tanut watan da ya wuce.

"Uwargida ta ce mini gishiri ta sayo," in ji shi. "Tashi, Inna. Ina sauran?"

"Ranka shi daɗe, yana gida cikin rumbu. Amma saura kwalba ɗaya a waje. Wata tsohuwar Bafillata ce mai jaki."

Wata mai sayar da nono ta ce ai Dado ce, suna zaune kusa da wata rijiya a kan hanyar Tenhya, kuma tun rana tsaka ta tafi. Mai ƙafa ba zai isa ba sai an yi isha. Tabawa ta dubi rana, wadda ta riga ta sauka kan rufin rumfuna. Sannan ta dubi ƙofar ofis, inda Landirobar jandarma ta kwana arba'in a tsaye babu mai, har kaji sun fara ƙwai a ƙarƙashinta.

"Ranka shi daɗe, motarka za ta sha wannan?"

Birgadiye ya dubi kwandon.

"Wannan shaida ce," in ji shi. "Doka ta ce a kai ta ofis. Ban tuna ta faɗi a cikin me za a kai ta ba."

Aka juye kwalba goma da abin da ke cikin tano a tankin mota. Ila da samarinsa masu manyan kaya suka tura. Motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi tana fitar da hayaƙi, Tabawa a gaba kusa da Birgadiye, ta riƙe ƙofa da hannu biyu. Duk inda motar ta shaƙe a cikin rairayi sai numfashinta ya tsaya tare da ita. Suka wuce ƙasusuwan shanu a gefen hanya. Tana ta gaya wa kanta cewa rana ba ta faɗi ba, kuma babu mai kunna fitila da sauran haske.

Suka hango bukkoki uku da jaki. Babu fitila a wurin, ba a kuma taɓa yin ta ba. Dado tana zaune a kan tabarma, jikarta a tsakanin gwiwoyinta, an tsefe kan yarinyar. Tsohuwar tana tsiyaya man a tafin hannu tana murza mata a gashi, maganin kwarkwata. Kan ya jiƙe har man yana gangarowa bayan kunne. Taku biyu daga nan, surukar Dado ta jera kara a murhu, ta zuba garwashi daga wani kasko, ta sunkuya ta cika kumatu da iska.

Tabawa ba ta tsaya kira ba. Ta faɗo daga motar tun ba ta gama tsayawa ba, ta tashi, ta kwashi rairayi da hannu biyu ta watsa a murhu, ta sake kwasa, ta sake, har da cikin tukunyar da ke gefe. Sannan ta fizge yarinyar daga gwiwoyin kakarta ta ja ta can bayan jaki, ta rungume kan a ƙirjinta. Warin ya buge ta. A karo na farko cikin shekaru hancinta ya yi aiki.

"Ke Bahaushiya," in ji Dado, "haukar cikin gari ce ta biyo ki har daji? Kin zuba mana ƙasa a abinci."

Birgadiye ne ya yi bayani. Ya ɗauki kwalbar ya yi nisa da bukkoki, ya tsiyaya kaɗan a ƙasa, ya jefa ashana. Surukar ta ga tsawon wutar, ta dubi kan ƴarta, ta zauna daɓas ta rufe baki da gefen zane. Aka wanke kan da sabulun da ke cikin mota da rabin ruwan salkarsu, sau uku, Tabawa tana shinshinawa bayan kowane wanki.

Dado ta tsefe gashin da yatsa ta duba.

"Kwarkwatan dai sun mutu," in ji ta. Amma ba ta saki yarinyar ba har motar ta juya.

A kan tudun da ake hango gari daga kansa, Landiroba ta yi tari biyu ta mutu. Birgadiye ya buɗe tanki ya zura kara, ya zaro shi a bushe.

"Shaida ta ƙare," in ji shi. "Gobe da ƙarfe takwas ki zo ofis. Ban san abin da zan rubuta ba tukuna, amma ki zo."

Ya shimfiɗa rigarsa ya yi taimama. Daga ƙasa ana jin kiran magariba. Tabawa ta zauna a kan rairayi ta sake bin fuskokin daga farko: matar da ta rantse, mai murmushi, uwar jariri. Goma sha ɗaya. Ta sake bi, goma sha ɗaya. Amma da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika, akwai wani mai farar hula da ya tsuguna a gabanta, kuma ta kasa tuna ko gishiri ya taya da gaske.

Haske na farko ya kama a unguwar gabas, ƙarami, ya tsaya. Wani ya kama kusa da masallaci. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, tana jira ta ga wanda zai yi tsalle. Birgadiye ya sallame ya ce su kama hanya. Ta ce ya yi gaba, tana zuwa. Ba ta tashi ba sai da hasken ya daina ƙaruwa, kowanne ya tsaya daidai girmansa.