Notin Ƙafar Hagu

Tun kafin motar ta gama shan kwanar shigowa gareji Baba ya ji ƙarar, kamar ana niƙa tsakuwa a ƙarƙashinta. Ya yar da tsumman hannunsa ya miƙe. Shekara talatin da biyar yana kanikanci, mota ba ta yi masa irin wannan kuka ya kasa gane ciwonta. Abin da ya ƙona masa rai shi ne motar ta Auta ce, 'yarsa, wadda take kai jikokinsa uku makaranta da ita kullum.

Mijinta ne ke tuƙi, ita tana gefensa. Suka fito, mijin ya durƙusa zai yi gaisuwa, Baba ya katse shi.

"Riƙe gaisuwarka. Tun yaushe take wannan ƙarar?"

"Sati uku ke nan, Baba."

"Sati uku! Da yara a ciki? Ba ni makulli."

Ya shiga ya kewaya filin garejin a hankali. A miƙe ƙarar ba ta da yawa. Da ya murɗa sitiyari hagu sai ta lafa, da ya murɗa dama sai ta taso har yana jin ta a tafin hannunsa. Ya taka birki, ba ta canza ba. To, ba birki ba ne. Ƙafar gaba ta hagu ce, ita nauyi ke komawa kanta in an sha kwanar dama.

Ya sa jak ya ɗaga motar, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza. Tayar ta yi ta rawa a hannunsa kamar haƙorin da ke shirin fita. Ya kwance ta, ya kai hannu kan babban notin da ke riƙe ƙafar. Da yatsu biyu kawai notin ya juya. 'Yar ƙusar da ake sokawa ta hana shi warwarewa ma babu ita.

Baba ya ɗago, jijiyar wuyansa a tashe.

"Boris ɗin da tayar ke juyawa a kansa ya gama niƙewa. Saura kaɗan tayar nan ta fice ta bar ku a tsakiyar titi. Wane ɗan iskan ne ya taɓa motar nan?"

Surukin ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake! Ka kai ta wajen masu araha ko? Kana da suruki bakanike, amma girman kai ya hana ka kawo mini. An ba ka 'ya, an ba ka amana, ka ɗauki rayukansu ka miƙa wa wanda ko sifana bai iya riƙewa ba. Ko Dogo ka kai wa?" Ya nuna rumfar da ke kusa da tasa, inda tsohon abokin hamayyarsa ke aiki. "Faɗa mini sunansa, wallahi yau sai ya bar sana'ar nan!"

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Haƙurin me? Mutumin banza kawai!"

Auta ta buga ƙofar motar da ƙarfi har Dogo ya leƙo.

"Ya isa haka, Baba. Kai ne."

"Ni ne me?"

"Kai ka canza boris ɗin nan watan jiya. Babu wanda ya taɓa motar nan bayanka. Mijina yana tsaye a kanka ranar, ya ga kana laluben ƙusar a ƙasa, tana gabanka ba ka gan ta ba. Ya ce maka kamar an manta wani abu, ka ce shi zai koya maka aiki? Sai ya ja bakinsa."

Ta juya kan mijinta.

"Kai kuma sati uku kana ce mini ƙarar ba komai ba ce, don kada ran Baba ya ɓaci. Sai jiya ka faɗa mini gaskiya. Kunyar suruki ta fi maka 'ya'yanka? Ku biyun duk kun ishe ni! Sau biyu ina karɓar maka katin asibitin ido, Baba, sau biyu kana cewa idonka garau yake."

"Garau yake!"

"To ga shi nan, garau."

Baba ya shiga rumfa fuu, ya ɗauko sabon boris, ya cire mataccen ya buga wannan, yana huci. Hannunsa ya san aikin, bai nemi taimakon kowa ba. Ya mayar da ƙafar, ya ɗaure notin da dogon sifana har ya hau kai da ƙafa. Ya ɗauko sabuwar ƙusa daga gwangwani ya durƙusa zai soka.

Ya soka, ta zame. Ya goge idonsa da bayan hannu, ya matsa kusa har goshinsa na taɓa ƙarfe, ya sake. Ramin ya ƙi fitowa, wani hazo kawai yake gani a wurin. A karo na uku ƙusar ta suɓuce ta faɗi, ya ji ƙararta a siminti, amma bai ga inda ta tsaya ba.

Ya daɗe a durƙushe, sannan ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Dogo!" ya daka tsawa. "Kana ta leƙe kamar ɓarawo, zo ka soka ƙusar nan. Ka bi sauran ƙafafun uku ma, ni na taɓa su."

Dogo ya taho yana goge hannu. Baba ya jawo benci ya zauna, ya juya wa motar baya. Can ya yi magana ba tare da ya dubi surukinsa ba.

"Kai kuma kada ka tsaya mini nan kamar gunki. Je ka tsaya a kansa ka sa ido. In ka ga ya manta wani abu, ka buɗe bakinka ka faɗa."