Kunnen Malam Jaji

Fatsuma ta zazzage buhun a tsakar gida, kawuna suka gangaro kamar kabewa. Ɗaya ya tsaya a gindin turmi, baki buɗe, yana kallonta da idon maɓalli.

"A'uzubillahi," ta ce, ta sa ƙafa ta kife shi.

Aikin ɗanta Sagiru ke nan, ƙato da gemunsa, ma'aikaci a sakatariya. In ya taso aiki sai ya bi ta wajen masu kushin ya kwaso ragowar soso. Ya zauna da reza da gam, ya fere hanci, ya ƙwaƙule gurbin ido, ya liƙa jan ƙyalle cikin baki. In ya zura hannu ta wuya sai abu ya dinga motsa baki kamar mai rai. Ba ya sayarwa, ba ya ba kowa. Ya jera su a kan kantar ɗakinsa, shi ke nan. Ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da siffa. Ya ce, "Inna, ai 'yar tsana ce, yara ma suna yi da kara." Ta ce, "Yara ka ce."

To yau bayan la'asar dangin Munira, yarinyar da zai aura, za su zo ganin ɗaki, su auna inda gado da kujeru za su zauna. Tun da safe maƙwabciyarta Sa'adiyya ta leƙo ta katanga.

"Inna Fatsuma, ni dai a gidan suna na ji. An kai wa gwaggon yarinyar, Hajiya Mahbuba, wai Sagiru kawunan mutane yake tarawa. Ta ce in ta gani da idonta, a mayar masa da lefensa."

"Soso ne fa, Sa'adiyya."

"Ni na sani. Yalwawa, unguwar su Munira, ce ba ta sani ba."

Irin wannan surutun ne ya kashe maganar aurensa ta farko a garinsu Taura. Kafin Sagiru ya fita ya zuba kawunan a buhu, ya ce a ɗora a bayan ɗaki har baƙi su tafi. Ta ce to. Amma ta san ɓoyewa ba magani ba ce. Amarya na tarewa zai sake jera su, a koma gidan jiya.

Ta ɗauko wuƙar yanka kuɓewa da rigar matashi. Duk ta kife su, don ba ta son ido. Ta ƙeya take farawa, ta raba biyu, ta daddatsa, ta cusa. Warin gam ya cika mata hanci. Na ƙarshe a naɗe yake cikin farin ƙyalle. Ta warware shi a kife, ta yi masa yadda ta yi wa 'yan'uwansa.

Sai kunne ya faɗo mata a cinya.

A tsage yake daga sama, an ɗinke tsagar da baƙin zare. Ta riƙe shi. Ƙahon bijimi ne ya yi wa mijinta, marigayi Malam Jaji, wannan tsagar a gonarsu ta Taura, ita da kanta ta riƙe masa kai wanzami ya ɗinke. Ta shiga juya gutsattsarin. Ga gemun zare, fari ya fi baƙi yawa. Ga giɓin nan na ƙasa. Ga tabon sallah a goshi, an shafa da gawayi.

Malam Jaji bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba sai na katin zaɓe, shi ma ya jiƙe a aljihu ya goge. Tun rasuwarsa take neman fuskar nan a ranta, kullum sai ta zo rabi ta ɓace.

Ta haɗa goshi da hanci. Suka rabu. Ta sake haɗawa, soson ya marmashe.

"Salamu alaikum, masu gida!"

Ta kalli ƙofa, ta kalli cinyarta. Ta kwashe ta danna cikin matashin, ta ɗinke baki da sauri, allura har tana sukarta. Kunnen kaɗai ta ƙulle a haɓar zani.

Hajiya Mahbuba ba ɗaki ta zo aunawa ba. Ta bar yara da igiyar awo, ita ta duba bayan ƙofa, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta shafa saman kantar ta dubi yatsanta.

"Kai, mutane da sharri! Ɗaki fes." Ta zauna a tabarma, ta kishingiɗa da sabon matashin. "Wannan kuwa akwai laushi. A ina kika saya?"

"Na gida ne," in ji Fatsuma.

Suna fita Sagiru ya shigo, ya durƙusa ya gaishe su a zaure. Hajiya ta ce, "Ango, sai a fara shiri." Ya wuce bayan ɗaki, ya dawo.

"Inna, ina buhun?"

Ta nuna matashin da baki. Ya daɗe yana kallon ɗinkin.

"Har da na cikin farin ƙyallen?"

"Aure ya tabbata, Sagiru. Ka gode wa Allah."

"Ban gama shi ba," ya ce a hankali. "Gira ta rage. Na manta ko ta Baba a haɗe take. Na so in tambaye ki, ina tsoron faɗanki."

"An kira magariba. Tashi ka tafi masallaci."

Ya ɗauki buta. Ta ji ƙarar ƙyauren zaure. Sannan ta kwance haɓar zani, ta shafa baƙin zaren da ɗan yatsa.

"A haɗe take," ta ce.