Kwalin da Bai Hau Jirgi Ba

Shekara talatin da ɗaya Evaristo Bohórquez yana tuƙa jirgin sama daga Villavicencio zuwa garuruwan daji, bai taɓa zama ma'aikacin kowa ba. Mai jirgi ya kira shi, ya tuƙa, ya sauka, kowa ya kama gabansa. Da daɗi kam, sai dai ranar da takardunka suka mutu, ranar za ka san ba ka da uban gida.

Nasa guda biyu suka mutu a mako ɗaya: ta kwas ɗin aiki tare a cikin jirgi, da ta kwas ɗin kaya masu haɗari. Ga shi ran Litinin an ba shi tafiyar Puerto Garza, kuma 'yarsa Yuleima ce za ta zauna a kujerar dama, ta mataimaki, karon farko da za su tashi tare tun da ta sami lasisi. Tun tana rarrafe yake jiran wannan Litinin. Mai jirgin kuwa ya faɗa masa ƙiri-ƙiri, in babu takarda sai a nemo mata wani kyaftin.

Makarantar farko suka ce matuƙan kamfani kaɗai suke koyarwa. Ta biyu sai watan gobe. A ta uku wata mai muryar hanci ta ce a waya ya kawo wasiƙa daga shugabansa.

"Ai ni ne shugaban nawa."

"To, ka rubuta wa kanka," in ji ta, ta kashe.

Da ƙyar aka haɗa shi da Malama Nubia Cárdenas, tsohuwar matuƙiya da hukuma ta yarje wa koyarwa. Ta ce za ta zo Alhamis da Juma'a, amma ba ta buɗe aji sai da mutum shida.

Inda za a sami matuƙa marasa kamfani ai ba ɓoyayye ba ne. Suna rumfar Doña Efigenia a bayan filin jirgi, suna shan gahawa suna ƙaryar saukar da suka yi cikin hadari. Evaristo ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani dogon siriri da ake kira Sauro ya ce, "Aiki tare da wa? Ni da akuyoyi nake tashi, ba su taɓa yi mini musu ba." Aka duba takardarsa, ashe ta fi wata biyu da mutuwa. Da shi da waɗanda ya samo suka zama biyar. Yuleima tata da sauran rai, amma ta ce a sa da ita a cika shida.

Kowace safiya tun da ta iya magana, ba ta fita sai ta ce, "Albarka, Baba," shi kuma ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Ranar Alhamis ma haka suka yi, sannan suka shiga aji.

Rubutu bai ba kowa wuya ba. Ranar Juma'a Malama Nubia ta jera kwalaye a tebur, ta raba ɗaliban biyu-biyu, Evaristo da 'yarsa tare, ta ce ga jirgi, ga kaya, a loda. Evaristo ya ɗauki wani kwali ɗaure da igiya, an rubuta "saƙon kaka" a jiki. Ya jinjina shi.

"Kilo huɗu," ya ce, ya ajiye a gefen kayan tafiya. Haka ake yi a filin nan. Saƙon mutane nauyinsa ake tambaya, ba a tambayar cikinsa, don buɗe wa mutum saƙo cin fuska ne.

Malama ta yanke igiyar. Galan ɗin fetur ne binne cikin shinkafa. Sauro ya yi dariya har da dukan cinya, amma ita ko kallon Evaristo ba ta yi ba.

"Yuleima, na ga kin shinshina. Na ga kin buɗe baki."

Yuleima ta sunkuyar da kai. "Babana ne, Malama."

Aka sake gwajin, ta ce "kada a ɗauka" da muryar mai karanta allo, aka sa musu hannu. Da kowa ya fita, Malama ta tsayar da Evaristo a bakin ƙofa.

"Takarda na ba ku, don kun ci. Amma in ba za ta iya ce maka a'a ba, kada ka tashi da ita. Kai kaɗai ne a jirgin, ita fasinja ce mai kaki."

Maganar ta yi masa zafi, wallahi, kuma zafin don gaskiya ce. Ya yini Asabar da Lahadi yana juya ta. Ya tarbiyyantar da yarinya ba ta ɗaga masa murya, yana alfahari da haka, yanzu abin ya zama aibi. Ya ƙudurta a ransa ran Litinin zai sa mata ido, in ya ga ladabin ya bi ta har cikin jirgi, zai ce cikinsa na ciwo a nemo wani.

Litinin ta waye garas. Tsohon jirgin, wanda ya girmi kyaftin ɗinsa, yana tsaye ana loda masa buhunan gishiri, katifu, kaji cikin keji, da fasinja tara. Evaristo yana ta farin ciki har ya manta da sa idon. Sai ga Doña Efigenia tana haki, da kwali a kai. Ita ce uwar baftismar Yuleima, kuma shekara ashirin yana kai wa ɗanta saƙo.

"Evaristo, ga na Wilfrido. Kada ka ɗora masa kaji."

Ya karɓa, ya jinjina. "Kilo shida." Ya juya zai miƙa wa mai lodi. Ko kusa kwas bai faɗo masa a rai ba, ai Efigenia ce.

"Kyaftin, ajiye shi."

Ya waiga. Yuleima ce, da takardar kaya a hannu.

"Gwaggo, me ke ciki?"

"Yau ni kike tambaya? Ni da na riƙe ki a coci kina tsala ihu?" Doña Efigenia ta kama ƙugu. "Evaristo, ka ji 'yarka?"

Ya ji. Bakinsa har ya ɗauko "bar shi, Yuli", ya haɗiye. Ya ajiye kwalin a ƙasa.

"Cuku ne da tufafi," in ji Efigenia. "Da 'yan rokokin wasan wuta na biki. Jibi ne bikin waliyyin garin, a yi shi shiru kamar zaman makoki?"

Dozin uku ne, cike da albarushi, naɗe cikin riga. Evaristo ya tsaya yana kallonsu, yana lissafin bukukuwa ashirin da suka wuce.

Cuku da riga suka hau. Rokoki suka koma rumfa, mai su tana tafe tana mita, tana cewa daga yau gahawarsu babu sukari.

A ɗakin tuƙi Yuleima ta karanta jerin dubawa, yana amsawa, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Da suka tsaya a bakin titin jirgi ta ce a hankali, "Baba, ka yi haƙuri. Na kunyata ka a gaban mutane."

"A gida ki ba ni haƙuri. A nan ki riƙa faɗa mini."

Ya ɗauke hannuwansa daga sitiyari ya ɗora a cinya, abin da bai taɓa yi wa wani mataimaki ba a shekara talatin da ɗaya.

"Tashin naki ne."

Ta kama. Ta dube shi sau ɗaya. "Albarka, Baba."

"Tun ɗazu kika same ta," ya ce. "Mu je, kaji sun gaji."