Ranar da Malam Hadi Ya Taka Totur

Su biyu suka ɗauko Uwaliya daga bencin ɗakin shan magani na Gammo. Malam Hadi ya riƙe kafaɗunta, mijinta Muhammad Nur ya tallafi ƙafar da ta kumbura, suka kwantar da ita a kujerar baya. Kububuwa ce ta sare ta a idon sawu da hantsi, tana ɗaga tarin gyaɗa a gona. Ma'aikacin lafiyar ya hana a ɗaure, ya hana a tsaga. Ya ce ya yi waya Gwarzo, akwai allurar dafi a can, amma su lura da bakinta: in dasashi ya fara jini, lokaci ya fara ƙurewa.

Malam Hadi ƙanenta ne, malamin lissafi a wata sakandare a Gwarzo, ziyarar Asabar ce ta kawo shi. Motarsa 'yar Kwatano ce, irin mai haɗa fetur da batir, ya saye ta bara da mai ya yi tsada. Tun daga ranar lallaɓa ta yake yi. Bai taɓa wuce sittin ba. Kullum idonsa na kan ɗan allon da ke nuna masa abin da take sha, in injin ya yi shiru batir ya karɓi aiki sai ya ji daɗi kamar ɗalibinsa ya ci jarrabawa. Tanki ɗaya kan kai shi sati uku. Kanikensa ma ya ja masa kunne cewa irin waɗannan ba a takura musu, batirin ne zai ƙone.

Yarda da motar ce ta sa ya fito da safe fitilar mai tana kunne, da niyyar ya sha in ya koma gida.

Muhammad Nur ya zauna a baya, ƙafar matarsa a cinyarsa, kansa a tsakanin kujerun gaba. Shekara ashirin ya yi yana tuƙa babbar mota kafin ciwon baya ya mayar da shi gona, kuma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa a kan wannan motar ba. Keken ɗinki yake kiranta. Tun kafin su hau kwalta ya ga fitilar. A Kabo suka tarar da layi a gidan mai har bakin titi. Ya ce a tsaya a roƙi mutane. Malam Hadi ya ce allon ya nuna saura kilomita talatin da takwas, Gwarzo kuwa ba ta kai talatin ba.

"Allon ne zai tura mu in ta mutu, Malam?"

"Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, Yaya," in ji shi, ya wuce.

Sun yi nisa da Kabo suka cim ma wata tirela, an yi mata lodin buhunan masara an rufe da koren tampol. Tana hawan wani dogon tudu tana nishi, gudunta bai kai talatin ba. Motoci kuma sai tahowa suke daga Gwarzo ɗaya bayan ɗaya. Malam Hadi ya bi bayanta, hayaƙinta na shigo musu. Minti biyar, minti bakwai. Uwaliya, wadda tun da suka taso salati kawai take yi, ta ce bakinta na ɗanɗanon ƙarfe. Ta goge da gefen mayafi. Malam Hadi ya ga jan a madubi.

A daidai nan siginar hagu ta tirelar ta fara ƙiftawa. Ya ɗauka hanya ake ba shi, ya karkata sitiyari. Muhammad Nur ya damƙe masa kafaɗa.

"Koma."

Ya koma ke nan wata bas ta wuce su fuu, iskarta ta girgiza motar. Muhammad Nur bai yi faɗa ba. Ya yi masa bayani a hankali cewa maganar direbobi ce: in na gaba ya kunna hagu, cewa yake kada ka fito, akwai mota, in ya mayar dama, ya duba maka hanya. Ya sa shi ya haska fitila sau biyu, shi kuma ya zura hannu ta taga yana nuna kujerar baya, har ya tabbata direban ya gan shi a madubi.

Suka ƙara jira. Can sai siginar ta koma dama, wani hannu ya fito ta tagar tirelar yana yafito su da sauri. Malam Hadi ya leƙa. Hanya ta buɗe, amma ba sosai ba. Ga wata tanka can tana gangarowa.

"Za ta iya?" Muhammad Nur ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Malam Hadi bai sani ba. Shekara guda suna tare, bai taɓa neman wannan a wurinta ba. Ya tuna maganar kanike, ya tuna ɗan man da ya rage. Ya sake duba madubi.

"Taka ta har ƙasa," in ji Muhammad Nur. "Kada ka ɗaga sai na ce."

Ya yi bisimilla ya taka. Ko jinkiri ba ta yi ba. Batir da inji suka haɗu suka fizge ta, bayansa ya manne da kujera, injin ya yi wani ruri da bai san yana da shi ba. Tayoyin tirelar suka riƙa wucewa ta damansa, manya-manya, kamar ba za su ƙare ba. Tankar ta haska masa fitila. Sai ga kan tirelar, sai ga fili.

"Shiga."

Ya shiga hannunsa. Tankar ta wuce tana hon. Allurar gudu ta haura ɗari da goma. Muhammad Nur ya saki kafaɗarsa, ya ce, "To."

Allon ya ce saura kilomita goma sha huɗu. Malam Hadi ya yi lissafi a ransa, saura tara su isa. Ya sauko tamanin ya riƙe ta a nan, in an zo gangare ya ɗaga ƙafa. Da suka iso ƙofar asibiti injin ya yi shiru kamar yadda ya saba, har maigadi ya fara kiran mutane su zo a tura, sai ya ga mota ta sulale ta wuce shi.

Sista Anastasia, ma'aikaciyar jinya wadda 'yarta ke ajin Malam Hadi, ita ta tarbe su da gadon turawa. Aka ɗaura ruwa, aka sa allurar a ciki. Malam Hadi ya zauna a baranda. Bai wuce minti arba'in ba Sista ta fito ta ce jinin bakin ya tsaya, za su riƙe ta kwana biyu su riƙa gwada jininta, amma sun zo a kan kari. Uwaliya kuwa har ta fara tambayar wa zai rufe mata gyaɗa, tunda ga hadari a gabas. Muhammad Nur ya fito yana dariya yana share ido da hula.

Bayan azahar Malam Hadi ya fita neman mai da abincin da za su ci. Ya hau titi ke nan wata tirela ta taso daga gaban masu shayi ta shiga gabansa. Koren tampol, buhunan masara. Direban ya gan shi a madubi, ya kunna siginar dama, ya fito da hannu. Babu komai a hanya har iya ganin ido.

Malam Hadi ya haska masa fitila sau biyu. Sannan ya gyara zama, ya bi bayanta a hankali har gidan mai.